HUTU A KARKARA: KADA MU SAYAR DA INUWARMU

 

A bikin Kirsimetin da ya wuce, ɗan ƙanwata wanda ke aiki a Abuja ya zo gida Unguwar Hajji. Wata rana da yamma muna zaune a ƙofar gida, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi inda maigidanmu na ofis ya tafi hutu." Na sa tabarau na duba. Wani gida ne a ƙauye can a ƙasar Turai, an gina shi da dutse, itatuwa sun kewaye shi, ga wani ɗan rafi yana wucewa ta bayansa. Yaron ya ce babu talabijin a gidan, babu ƙarar mota, abincin da ake ba baƙo kuma daga gonar gidan ake ɗebo shi. Aikin baƙo shi ne ya tashi sa'ad da ya ga dama, ya yi yawo cikin itatuwa, ya saurari kukan tsuntsaye. Da ya faɗa mini kuɗin kwana ɗaya, sai na ga ya fi abin da muke ba mai bishararmu a wata.

Na yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kawu, me ya ba ka dariya?" Na ce ya ɗaga kansa ya duba. Muna ƙarƙashin tsamiyar da kakansa ya tarar a wurin, kurciya tana kuka a samanmu, shanu suna dawowa daga kiwo balbelu na biye da su, ƙanshin tuwon dawar da muka noma da hannunmu yana fitowa daga cikin gida. Na ce masa, "Abin da maigidanku ya shiga jirgin sama ya je nema, kai ka same shi da kuɗin mota."

Amma dariyata ba ta daɗe ba, domin na tuna da wata magana da ke gaban dattawan ɗaya daga cikin ikilisiyoyin yankinmu. Akwai fili a bayan majami'arsu wanda iyayenmu na farko suka bayar kyauta. A cikinsa akwai ɗorawa huɗu, tsamiya biyu, kanya ɗaya da wata tsohuwar kuka. Masu gawayi sun zo sun yi tayin itatuwan, wani kuma ya yi tayin filin gaba ɗaya. Rufin majami'ar yana yoyo, kuɗin kwano kuwa babu. Kan dattawa ya rabu biyu. Na san ba su kaɗai ke cikin irin wannan hali ba, shi ya sa na ga ya dace in faɗi ra'ayina a wannan shafi. Ra'ayina shi ne kada a sare itatuwan, kada kuma a sayar da filin. A mayar da shi wurin hutu mai sauƙi domin masu hidima, da tsofaffi, da 'ya'yanmu da ke dawowa daga birni a gajiye.

ABIN DA DUNIYA TA KOMA NEMA

Bari mu fara da tambayar kanmu, me ya sa mai kuɗi zai bar bene da na'urar sanyaya ɗaki ya tafi ƙauye ya biya kuɗi mai yawa domin ya zauna shiru? Amsar ita ce sun riga mu gudu, sun kuma riga mu gajiya.

A shekarar 1986 aka buɗe gidan abincin gaggawa na McDonald's a tsakiyar birnin Roma. Wani ɗan Italiya mai suna Carlo Petrini da abokansa suka nuna rashin yarda, suka fara kiran mutane su koma ga abincin gargajiya wanda ake nomawa a kusa, a dafa a hankali, a ci tare da iyali. Kiran ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A 1999 wasu ƙananan garuruwan Italiya suka haɗa kai a kan cewa za su rage hayaniya da gaggawa, su kiyaye itatuwansu da sana'o'insu na gado. A ƙasar Japan kuma, tun 1982 hukumar kula da dazuzzuka ta fara ƙarfafa mutane su riƙa shiga daji suna yawo a hankali domin lafiyar jiki da ta zuciya, har suka sa wa abin suna wankan daji.

Waɗannan ƙasashe ne da suka fi mu motoci, masana'antu da asibitoci. Bayan sun samu duka, sai suka waiwayo suna neman inuwa, shiru da abincin gona. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu da muke da sauran abin a hannu, bai kamata mu jira sai ya ƙare sa'an nan mu gane darajarsa ba.

BA BAƘON ABU BA NE A WURINMU

Wani zai ce wannan al'adar Turawa ce. Ba haka ba ne. Iyayenmu sun san hutu. Bayan kaka, in an gama kai amfani rumbu, akwai lokacin ziyara, da hira a dandali, da tatsuniya a farin wata. Ko gona ma ba a matsa mata kullum. In ta gaji akan bar ta ta zama saura na wasu shekaru, ciyawa ta rufe ta, ta dawo da ƙarfinta. Littafi Mai Tsarki kuwa ya koya mana cewa ranar hutu ta shafi maigida da bara da baƙo har da jaki, ita ma ƙasa an ba ta shekararta ta hutawa. Mun kuma san Ubangijinmu yakan janye almajiransa daga cikin taro zuwa wurin da babu kowa domin su huta.

Tarihin bishara a ƙasarmu ma ya tabbatar da wannan. A 1893 samari uku, wato Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shigowa ƙasashen arewa. Kafin ƙarshen 1894 biyu daga cikinsu sun mutu da ciwo, Gowans a Girku, Kent a Bida. Mishan ɗin SIM da ya fito daga wannan tafiya ya koyi darasi mai tsada, cewa jikin ma'aikaci ba ƙarfe ba ne. A 1914 aka kafa gidan hutu a Miango kusa da Jos, inda akwai sanyi da duwatsu da itatuwa, domin ma'aikata su je su huta su dawo bakin aiki. Mutanen da suka bar ƙasarsu da shirin mutuwa saboda aikin ba su ɗauki hutu a matsayin lalaci ba. To mu a ina muka samo koyarwar cewa fasto nagari shi ne wanda ba ya zama?

HALIN DA MASU HIDIMARMU KE CIKI

Ina da abokin karatu tun daga kwalejin tauhidi. Ya yi fiye da shekara ashirin yana kula da ƙananan ikilisiyoyi uku a kan babur. Da damina shi ne a gona tun asuba domin abin da ake ba shi ba ya isa. Gidansa yana jikin majami'a, saboda haka ƙofarsa ba ta rufuwa: mai rigimar aure, mai neman rance, mai mara lafiya, duk wurinsa suke sallama ko da tsakar dare ne. Wata Lahadi yana tsaye yana karatu sai ya faɗi. Da aka kai shi asibiti aka ce hawan jini ne, ya kuma taɓa ɓarin jikinsa. Da na je gaishe shi na tambayi matarsa yaushe rabonsa da ya yi mako guda ba ya aiki. Ta yi shiru tana tunani, ta ce ba ta iya tunawa.

Ban faɗi wannan domin in ɗora wa kowa laifi ba, gama ni ma ina cikin masu laifin. Sau nawa na ce masa, "Sannu da ƙoƙari," maimakon in ce, "Zo ka huta, ni zan riƙe maka wannan Lahadi"? A takarda, yawancin ɗarikunmu sun yarda fasto ya ɗauki hutun shekara. Amma ina zai tafi? In ya zauna a gida, ba a san yana hutu ba. Miango tana da nisa daga Ƙaraye da Rogo, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa kuɗin mota ya fi ƙarfin mai bisharar ƙauye da iyalinsa. Abin da muke bukata shi ne wuri a kusa, wanda babur zai kai mutum, amma ya yi nisa da ƙofar da ake buga masa kullum.

DARASI DAGA BAGAUDA DA TIGA

Da na kawo wannan magana a wani zama, wani dattijo ya ce, "Fasto, ina muka ga kuɗin gina otal?" Na gode masa, domin tambayarsa ta kai ni ga abin da ba na so mu yi. Jiharmu ta Kano ta taɓa gwada manyan wuraren hutu a karkara. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, aka kuma samar da otal a bakin tafkin Bagauda, da wani a kan dutse a Tiga. Masu shekaru irin nawa sun tuna yadda sunayen nan suke da daɗin ji a lokacin. Daga baya wurin Bagauda ya zama reshen makarantar horar da lauyoyi, na Tiga kuma ya yi shekaru yana fama da rashin kulawa. Babban gini yana cin kuɗi kowace rana, ko da baƙo ko babu, ranar da mai ba da kuɗin ya juya baya kuwa sai ginin ya fara zubewa.

A nan ƙofar gidanmu ga madatsar Challawa a Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakinta da yamma, ya ga masunta suna komowa da kwalekwale, zalɓe yana tsaye a gefen ruwa, ya san Allah bai hana yankinmu kyau ba. Abin da ke sa wuri ya zama na hutu shi ne inuwa, iska, ruwan sha mai kyau, shiru, da mutanen kirki masu karɓar baƙo. Waɗannan kuwa muna da su. Ɗaki biyu ko uku na tubali da rufin azara, a yi masa yaɓe da makuba kamar yadda iyayenmu suke yi, ya fi ɗakin kwano sanyi a watan Afrilu. Maginan da suka iya wannan aiki suna nan cikin membobinmu.

AMSA GA 'YAN'UWA MASU WANI RA'AYI

Ba na raina hujjar waɗanda ke son a sayar. Su ma ƙaunar ikilisiya ce ta sa su, kuma ya kamata a amsa musu dalla-dalla.

Na farko, maganar rufi. Gaskiya ne ba daɗi a yi sujada ruwa yana zuba a kan mutane. Amma mu yi lissafi. Kuɗin gawayi sau ɗaya ake karɓa, kafin wata ya zagayo an kashe shi. Ɗorawa kuwa kowace shekara tana ba da kalwa ta daddawa, da garin da yara ke sha, da makuba. Tsamiya tana ba da 'ya'yan da ake sayarwa a kowace kasuwa, kuka tana ba da miya. Kwano za a iya saya da baikon kaka na shekara biyu, ko a raba wa iyalai kowa ya kawo falle ɗaya ko biyu. Ɗorawar da aka sare yau kuwa, ko an dasa wata gobe, yawancin dattawan da suka yanke shawarar ba za su zauna a cikakkiyar inuwarta ba. Tun da gas da kananzir suka yi tsada, buhunan gawayi suke ta wucewa zuwa birni, kowa kuma yana ganin yadda gonakinmu ke zama fili fetal. Bai kamata ikilisiya ta shiga layin masu ƙarasa abin da ya rage ba.

Na biyu, wasu sun ce hutu na masu kuɗi ne, talaka ba shi da lokacin zama. Ni kuwa ina ganin talaka ya fi kowa bukatarsa, domin jikinsa ne kaɗai jarinsa. Mai kuɗi in ya kwanta ciwo albashinsa yana shiga. Manomi in ya faɗi a tsakiyar damina, gonar shekarar ta tafi. Lafiya uwar jiki, kuma rigakafi ya fi magani.

Na uku, wata uwa daga zumuntar mata ta faɗa mini wata magana da ta tsaya mini a rai. Ta ce, "Baba Fasto, ku maza kuna ganin ƙauye wurin hutu ne domin ba ku ne kuke ɗebo ruwa da itace ba." Gaskiya ta faɗa. Tuwon nan da na yi wa ɗan ƙanwata alfahari da shi, wata ce ta surfa, ta kai niƙa, ta tuƙa cikin hayaƙi. Baƙon da ke zuwa na kwana uku yana ganin inuwa kawai, ba ya ganin wahalar da ke bayanta. In har za mu yi wurin hutu wanda maza za su miƙe ƙafa mata kuma aikinsu ya ƙaru, gara mu bari. Dole matar fasto ta huta tare da mijinta, mai dafa wa baƙi kuma a biya ta hakkinta.

Na huɗu, maganar tsaro. Dukanmu mun san abin da maƙwabtanmu na jihar Katsina suka sha a hannun 'yan bindiga, mun kuma san yadda dajin Falgore, wanda aka keɓe domin namun daji da masu yawon buɗe ido, ya taɓa zama maɓoyar ɓarayin shanu. Saboda haka ba na ba da shawarar a yi gini a tsakiyar daji. Filin da nake magana a kai yana jikin gari, ana jin kiran mutum daga gidajen maƙwabta. Kafin a sa tubali ɗaya kuma, a je a gaida mai unguwa da dagaci, a bayyana musu nufinmu, a sanar da maƙwabtanmu Musulmi. Inuwar itace ba ta tambayar addinin mai zama, kuma tsohon da ya dawo daga kasuwa ya tsaya ya sha ruwan randarmu ya zama mai tsaron wurin ba tare da an roƙe shi ba.

ABIN DA MARADI TA KOYA MANA

Ga waɗanda filinsu ya riga ya zama babu itace, kada su fid da zuciya. A ƙasar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sharewa lokacin sassabe suna fitowa ne daga kututturen tsofaffin itatuwa waɗanda saiwarsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya fara koya wa manoma su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su rage sauran. Mutanen wurin suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. Da wannan hanya mai sauƙi miliyoyin itatuwa suka dawo a gonakin kudancin Nijar, a ƙasar da ruwan samanta bai kai namu ba. Wuƙa kawai ake bukata da haƙuri. In Hausawan Maradi sun yi, babu abin da zai hana na Ƙaraye da Rogo.

SHAWARWARINA

1. Kowace ikilisiya ta ƙidaya itatuwan da ke filinta, magatakarda ya rubuta su a littafi kamar yadda ake rubuta kujeru da ganguna. Kada a sare ko ɗaya sai da yardar taron membobi duka.

2. Ikilisiyoyin da ke kusa da juna su haɗa kai su zaɓi wuri ɗaya, maimakon kowa ya fara nasa ya kasa gamawa. A fara da ɗaki biyu, rumfa, makewayi mai tsabta, randa da fitila mai aiki da hasken rana. Matasa su yi aikin gayya bayan kaka.

3. A sa doka cewa ba a kunna lasifika ko janareta a wurin, ba a kuma yin taron kwamiti a can. In muka bari, cikin shekara guda zai zama wani zauren taro.

4. Dattawa su tabbatar kowane fasto da mai bishara ya tafi da matarsa aƙalla mako guda a shekara, wani kuma ya riƙe masa aiki. Bayansu a ba gwauraye, da masu jinya da suka fara samun sauƙi, da tsofaffi.

5. 'Ya'yanmu na birni da ke son zuwa su huta su ba da abin da suka iya, a sa shi cikin asusun gyara. Amma kada a mayar da wurin kasuwa har wanda aka yi dominsa ya kasa shiga.

6. Kowane yaro na makarantar Lahadi ya dasa itace ɗaya a farkon damina, sa'ad da shamuwa ta iso, ya kula da shi har ya fi ƙarfin akuya.

A ƙarshe, 'yan'uwa, kafin ɗan ƙanwata ya koma Abuja ya ce mini rabonsa da barci irin na waɗannan kwanaki tun yana makarantar sakandare. Ya tambaye ni ko zai iya kawo abokansa biyu baɗi. Na ce ya kawo su, in Allah ya kai mu. Amma da ya tafi sai na yi ta tunanin me za su tarar in sun zo, itatuwa ko kututture. Amsar tana hannun dattawanmu. Ina roƙonku ku sake zama, ku saurari mata da matasa, ku yi addu'a, kada ku yi gaggawa, gama sannu ba ta hana zuwa. Ni dai na yi alkawarin falle biyar na kwano daga aljihuna domin rufin majami'ar nan, muddin an bar ɗorawar a tsaye, ina kuma kira ga sauran ikilisiyoyi su taimaka da abin da suka iya.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya kuma ba masu hidimarsa hutu. Amin.